Wa Ke Biyan Kuɗin Araha?

A shekara ta 2003 ne kamfanin Bentley na ƙasar Ingila ya fito da wata mota mai ƙofa biyu wadda ya raɗa wa suna Continental GT. Kuɗinta a wancan lokaci ya kai kimanin fam 110,000. Yau kuwa, duk wanda ya leƙa kasuwar motocin hannu a Ingila zai tarar da ita, ta shekarun farko, ana neman ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na wancan kuɗi, abin da bai kai kuɗin sabuwar Toyota Corolla a can ba. Fentinta yana nan yana sheƙi, fatar kujerunta da katakon gabanta suna nan, injinta kuma in aka tada shi sai ka ce hadari ne ya haɗo daga gabas. Hotunan irin waɗannan motoci suna yawo a wayoyin samarinmu, waɗansunsu ma sun riga sun sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas ko ta Kwatano. Tambayar da ke gabanmu ita ce: sa'ad da abu mai tsada haka ya zama araha, ina sauran kuɗin ya shiga, wa kuma zai biya shi? Gama a ganina, amsar wannan tambaya ita ce za ta nuna ko cinikin halas ne, ko kuwa akwai haƙƙin wani a cikinsa.

Bari mu fara sanin abin da ake sayarwa. Haruffan nan biyu, G da T, sun fito ne daga harshen Italiya, ma'anarsu kuwa babbar tafiya. A ƙarni na 17 da na 18, attajirai da sarakunan Ingila sukan tura 'ya'yansu maza doguwar tafiya ta cikin Faransa, su haye duwatsu su shiga Italiya, su yi watanni ko shekaru suna ganin birane da gine-gine, domin a ce sun cika ilimi. Da motoci suka zo, sai aka ɗora wannan suna a kan motar da aka ƙera domin ta ɗauki mutum biyu da jakunkunansu, ta ci doguwar hanya da gudu mai yawa, su sauka ba gajiya. Ana yawan kawo Lancia Aurelia B20 GT ta 1951 a cikin na farkon wannan dangi. A zamaninmu akwai Aston Martin DB9 wadda ta fito a 2004, da Maserati GranTurismo ta 2007, da ita Bentley ɗin da muka ɗauka misali. Tun daga sunanta, ashe, an yi ta ne saboda mutumin da yake da rarar kuɗi da rarar lokaci.

Injin Continental GT ta farko yana da silinda 12, girmansa lita 6, da na'urori biyu masu cusa masa iska, yana ba da ƙarfin doki 552. Nauyinta ya ɗara kilo 2,300, amma tana kai gudun kilomita 100 a cikin ƙasa da daƙiƙa 5, iyakar gudunta kuma kilomita 318 a awa. Tankinta yana cin lita 90. A lissafin kamfanin da kansa tana shan kimanin lita 17 a kowace kilomita 100, a cikin gari kuwa ya wuce lita 25. Wato daga Kaduna zuwa Kano kusan lita 40 ke nan, in hanya ta yi kyau, direba kuma bai taka ta ba. A garin Crewe aka haɗa ta, inda ake yin Bentley tun 1946, a ƙarƙashin kamfanin Volkswagen na Jamus wanda ya sayi Bentley a 1998. Ta yi kasuwa ƙwarai: kamfanin da ke sayar da motoci wajen dubu ɗaya a shekara ya haura dubu 10 a 2007. Yawan da aka yi ta yana cikin dalilan da suka sa ta cika kasuwar hannu yau.

Amma babban dalilin faɗuwar kuɗinta wani ne dabam. Kuɗin mota yana sauka da shekaru, kuɗin riƙonta kuwa ba ya sauka. Tayar da take bukata yau ita ce tayar da take bukata a 2003. Faifan birkinta na gaba, mai faɗin milimita 405, ba ya tambayar nawa aka sayi motar kafin ya cinye. Ba a kan sifirin na ƙarfe take zaune ba, a kan jakunkunan iska take, waɗanda sukan tsufa su yi yoyo, sai mutum ya wayi gari ya tarar motarsa ta durƙusa ta gefe ɗaya kamar raƙumi. Batir biyu gare ta. An cusa injin a wuri matsattse, har makanikan da suka ƙware a kanta sun sani akwai 'yan bututun roba a bayansa waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma kafin hannu ya kai gare su sau da yawa sai an sauke injin gaba ɗaya. Masu sayen hannu a Ingila sun san wannan duka, shi ya sa suke taya ta da araha. Kasuwa ba ta yi wa kowa kyauta ba: ta rage kuɗin yau ne daidai da abin da take tsammani za a kashe gobe. Hausawa sun ce tuwon girma miyarsa nama. A nan tuwon ne kaɗai ya yi araha, naman yana nan a farashinsa.

Saboda haka, wanda ya sayi irin wannan mota ya sayi abu biyu a ƙunshi ɗaya: mota, da bashin da ba a rubuta ba. Wanda ya fi kowa sanin girman bashin shi ne mai sayarwa. To, mene ne wajibinsa?

Tambayar ta girmi mota nesa ba kusa ba. A shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu, Sisero, masanin nan na Roma, ya kawo misalin wani falke da ya ɗauko hatsi daga Iskandariya zuwa tsibirin Rodus a lokacin yunwa. Falken ya san akwai waɗansu jiragen hatsi a bayansa da za su iso ba da daɗewa ba, farashi ya karye. Zai faɗa wa mutanen tsibirin ne, ko zai yi shiru ya sayar da tsada? Sisero ya nuna masana biyu suna jayayya a kai, shi kuwa ya goyi bayan wanda ya ce a faɗa. Bayan fiye da shekara 1,300, Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya sake ɗauko maganar a babban littafinsa na tauhidi, a tambaya ta 77 ta kashi na biyu na sashe na biyu, inda ya tattauna zamba cikin saye da sayarwa. Game da falken hatsi ya sassauta: ya ce adalci bai tilasta masa faɗa ba, tun da abin da ya sani zance ne na gaba, ba aibi ne a jikin hatsin ba, ko da yake in ya faɗa ya fi nagarta. Amma game da aibin da ke jikin kaya bai sassauta ba ko kaɗan. Ya raba aibi biyu. Akwai na fili, kamar doki mai ido ɗaya: mai sayarwa ba dole ne ya yi shelarsa ba, muddin ya rage kuɗin daidai da aibin. Akwai kuma na ɓoye, wanda zai jawo wa mai saye hasara ko hatsari, kamar gurgun doki da aka sayar a kan mai gudu ne, ko gidan da ke shirin rushewa, ko abincin da ya lalace. Wannan dole a bayyana shi. In ba a bayyana ba, cinikin zamba ne, mai sayarwa kuma yana ɗauke da nauyin biyan hasarar.

Wannan rabo na Toma ya zauna daidai a kan motarmu. Shan manta aibi ne na fili. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wanda ya sayi silinda 12 kuma ba zai zo yana kukan kuɗin mai ba. Tsagewar fatar kujera, da kwarzanen fenti, da tsufan taya, duk ido yana gani. Amma akwai abubuwan da ido ba ya kai wa. Akwai mitar da aka juya baya, motar da ta yi kilomita dubu 200 ta koma tana nuna dubu 80. Akwai fitilar gargaɗi da aka kashe da kwamfuta da safen ranar da mai saye zai zo, alhali cutar da ta kunna ta tana nan. Akwai jakar iska da aka cika daf da isowarsa domin kada ya ga motar a durƙushe. Akwai injin da aka ɗumama tun da wuri saboda kada a ji ƙarar da yake yi in an tada shi da sanyi. Mafi muni, akwai motar da ta taɓa yin hatsari aka miƙe ƙarfenta aka shafe da fenti, ko wadda ruwa ya taɓa cinyewa. Ambaliyar guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017 sun nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a Amurka, kamfanonin inshora suka biya masu su, suka tura motocin gwanjo. Tun da ƙasarmu ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, motocin da sitiyarinsu ke hagu muke saye, saboda haka gwanjon Amurka yana cikin manyan hanyoyin da motocin hannu ke biyowa zuwa gare mu. Motar da ke cike da wayoyi da ƙananan kwamfutoci, in ruwa ya taɓa kwana a cikinta, tana iya tafiya lafiya wata shida, sa'an nan tsatsa ta fara cin mahaɗan wayoyin ɗaya bayan ɗaya. In abin da ya fara mutuwa rediyo ne, da sauƙi. In kuwa na'urar birki ce, a mota mai nauyin fiye da tan biyu, ba kuɗi kaɗai aka sace ba.

Na ji masu cewa ai ba su yi ƙarya ba, shiru kawai suka yi, mai saye ne bai tambaya ba. Wannan hujja ba ta da ƙafa. Mutumin da ya kashe fitilar gargaɗi ya yi magana da hannunsa, ko da bakinsa a rufe yake. Wanda ma bai taɓa kome ba, amma ya san birkin yana yankewa, ya kuma karɓi kuɗin mota mai lafiya, ya karɓi kuɗin abin da bai bayar ba. Doka ta bakwai da ta takwas a nan suke haɗuwa, ta sata da ta shaidar zur. Dokar ƙasa tana iya barinsa ya wuce. A Ingila, dokar kare masu saye ta 2015 ta ba wanda ya sayi mota a hannun ɗan kasuwa kwana 30 ya mayar da ita in ta fito da aibi, amma wanda ya saya a hannun mai ita kai tsaye kariyarsa kaɗan ce, sai dai in an siffanta masa motar da abin da ba haka ba. A kasuwanninmu kuwa, da zarar an ce "Allah ya sa albarka" an miƙa makulli, yawanci magana ta ƙare. Lamiri ba ya ƙarewa a nan. Dillali ma yana ciki: la'adarsa ladan haɗa mutum biyu ne a kan gaskiya, in ya san aibi ya rufe domin ciniki ya faɗa, ya ci rabonsa na alhakin tare da rabonsa na kuɗin.

Akwai kuma wanda ake cuta ba ya ma wurin. Wani masanin tattalin arziki na Amurka, George Akerlof, ya rubuta wata maƙala a 1970 a kan kasuwar motocin hannu, wadda tana cikin ayyukan da suka sa aka ba shi lambar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne: in masu saye ba su iya bambanta mota mai kyau da mai cuta, za su taya kowace mota da kuɗin tsaka-tsaki. Mai mota mai kyau zai ga an raina masa kaya, ya janye. Da ya janye, sai kason miyagun motoci ya ƙaru, tayi ya ƙara sauka, har kasuwar ta zama ta miyagu zalla. Ashe maƙaryaci ɗaya ba mai sayensa kaɗai yake cuta ba. Yana rage wa kowane mai gaskiya kuɗin kayansa. Masanin ya iso da lissafi inda malaman tauhidi suka daɗe da isa ta wata hanya, cewa amana dukiya ce ta jama'a duka.

Shi ma mai saye yana da nasa wajibi. Ba nagarta ba ce mutum ya yi cinikin biri a sama, ya ce ya dogara ga Allah. Kusan kowace mota tun daga 1981 tana da lamba mai harafi da adadi 17 a jikinta, wadda da ita ake bin tarihinta a ƙasashen da ke ajiye tarihi. A Ingila, motar da ta wuce shekara uku ana gwada lafiyarta kowace shekara, sakamakon da adadin mil ɗin da ta yi suna nan a intanet kyauta ga duk wanda ya san lambarta. Takardun gyara, da rasit, da makaniken da ya san irin motar wanda ba yaron mai sayarwa ba ne, da ganin an tada ta da sanyi: waɗannan ba rashin yarda da ɗan'uwa ba ne, hankali ne wanda Allah ya ba mu domin mu yi aiki da shi. Haƙƙi kuma yana iya juyowa. Waliyyi Agustin ya ba da labarin wani mutum da aka kawo masa littafi, mai sayarwa ya faɗi kuɗi kaɗan don bai san darajarsa ba, mutumin ya biya shi cikakken kuɗin da ya dace. In gwauruwa ce take sayar da motar da mijinta ya bari, ba ta san abin da ke hannunta ba, wanda ya sani ya taya ta da wulakanci ya yi zamba, ko da ta ce ta sallama.

Duk wannan, in an duba, mai sauƙi ne. Inda maganar ta yi wuya shi ne wani ciniki na biyu da ake yi a ɓoye, tun kafin a je wurin mai mota. A wannan ciniki mutum ɗaya ne dillali, shi ne kuma mai saye. Shi yake yaba wa kansa kaya, shi yake rufe wa kansa aibi. Yana cewa: ai kuɗinta bai kai na Corolla ba, ai ba kullum zan hau ta ba, ai akwai wani yaro a gareji da ya iya kome, ai in ta dame ni sai in sayar in mai da kuɗina. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan maganganu, da dillali ne ya faɗa masa ita, da ya gane daɗin baki ne. Da yake daga cikinsa ta fito, sai ya karɓa. Kwaɗayi ya fi kowane dillali iya ciniki, domin ya san inda mai saye yake da rauni.

A wannan ciniki na ɓoye akwai waɗanda za su biya alhali ba a kira su ba. Magidanci mai albashi, ko ɗan kasuwa mai matsakaicin jari, wanda ya tattara abin da yake da shi ya sayi motar, ranar da jakar iska ta fashe ko aka ce sai an sauke inji, daga ina kuɗin zai fito? Kayan gyaran daga waje za a aiko da su, da kuɗin waje, da kuɗin fito a kai. Man da take sha kuma, tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, kowa ya san yadda ya koma. Kuɗin zai fito daga kuɗin makarantar yara, daga cefane, daga abin da ake aika wa tsohuwa a ƙauye, daga albashin yaran shago da za a ce su yi haƙuri sai wata mai zuwa, daga bashin da aka ci a hannun aboki za a dinga yi masa gobe-jibi. Waɗannan su ne ainihin masu sayen motar, amma ba wanda ya nuna musu takardun gyara. In muka bi ƙa'idar Toma, aibin ɓoye da zai jawo wa wani hasara dole a bayyana masa shi. Mutumin da ya gaya wa matarsa kuɗin sayen motar, ya ɓoye mata kuɗin riƙonta, ya yi mata abin da mai juya mita yake yi wa baƙo, da bambanci ɗaya: baƙon yana iya ƙin saye, ita kuwa an saya da sunanta. Ma'aurata sun yi alkawari a gaban bagade su zama ɗaya. Ban ga yadda aljihu zai fita daga cikin wannan alkawari ba.

Sai mu tambaya, me ake nema a cikinta har ake ɗaukar wannan nauyi? Wani masani na Amurka, Thorstein Veblen, ya rubuta a 1899 cewa masu dukiya sukan kashe kuɗi a kan abin da amfaninsa shi ne a ga sun iya kashewa. Attajirin da ya sayi motar sabuwa a 2003 ya faɗi gaskiya a kan kansa, ko da gaskiyar fahariya ce: yana da kuɗin. Wanda ya saye ta a hannu na huɗu domin a ɗauka shi ma haka yake, yana so motar ta faɗa wa unguwa abin da shi ba zai iya rantsewa a kai ba. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma wannan aron yana da haya mai tsada. Unguwa za ta gaskata, sa'an nan ta zo da bukatunta daidai da abin da ta gaskata: dangi, da masu neman taimako, har da kwamitin ginin majami'a, wanda ba ya rasa lura da abin da aka ajiye a bakin ƙofa ranar Lahadi. Sai mutum ya shiga ƙarya ta biyu domin ya tallafi ta farko.

Kada a ɗauka ina cewa son irin wannan mota zunubi ne. Kyakkyawan abu kyakkyawa ne. Masu ɗinkin fata da masu gyaran katako na Crewe, da injiniyoyin da suka haɗa silinda 12 a wurin da bai fi na takwas ba, sun yi aiki da baiwar da aka ba su, suka ci abinci da ita, wanda ya yaba aikinsu bai yi laifi ba. Eklesiya ba ta taɓa koyar da cewa mallaka haram ce ba. Abin da Majalisar Batikan ta Biyu ta nanata a 1965, Katikisim na 1992 kuma ya maimaita, shi ne mai dukiya wakili ne a kanta, domin an yi albarkun duniya saboda kowa. Akwai mutumin da ya sauke nauyin gidansa, yana biyan ma'aikatansa a kan kari, hannunsa a buɗe yake ga matalauta, ya lissafa kuɗin riƙon motar ya ga ba zai taɓa abincin kowa ba, ya kuma gaya wa iyalinsa adadin. Akwai wanda shi kansa makanike ne, jin daɗinsa shi ne ya kwance ya ɗaura. Irin waɗannan ban ga abin da zan tuhume su da shi ba. Har ma ana iya cewa wanda ya raya tsohuwar mota ya fi wanda ke sauya sabuwa kowace shekara biyu kusa da abin da Paparoma Faransis ya roƙa a wasiƙarsa ta 2015 a kan kula da halitta, inda ya yi kuka da al'adar yi-amfani-ka-yar. Abin da nake shakka shi ne yawansu. Mai irin wannan hali yakan iya sayen sabuwa ko wadda ba ta tsufa ba. Wadda ta faɗo ƙasa da kuɗin Corolla, mafi yawan waɗanda take kira su ne waɗanda ba za su iya ciyar da ita ba.

Shi Paparoma Faransis ɗin, a watan Nuwamba na 2017 kamfanin Lamborghini ya ba shi kyautar mota ƙirar Huracán, fara mai ratsin ruwan zinariya. Ya sa mata albarka, ya sa hannu a jikinta, aka kai ta gwanjo a Monako a watan Mayu na 2018, aka taya ta yuro 715,000. An ƙudura cewa kaso mafi girma na kuɗin zai tafi ga sake gina gidaje da majami'u na Kirista a filin Nineba a Iraki. Bai zagi motar ba, bai kuma hau ta ba. Wannan ba doka ba ce a kan magidanta. Mu masu hidimar bagade ne ya fi shafa, mu da ya gaya wa tun a Yuli 2013 cewa yana jin zafi in ya ga firist ko sista a cikin mota sabuwar yayi. Amma kuɗin da motar ta kawo ya shiga aikin taimako, ba wanda ya ce kuɗin ƙazami ne.

Saura maganar gudu, wadda ba za a tsallake ba. Iyakar gudu a manyan hanyoyin Ingila mil 70 ne a awa, wajen kilomita 112. A namu manyan hanyoyin, iyakar ƙananan motoci kilomita 100 ce. Motar da ke kai 318 tana ɗauke da kashi biyu cikin uku na gudunta wanda doka ba ta yarda a taɓa ba. Ko dai mai ita ya biya kuɗin abin da ba zai yi amfani da shi ba, wannan kuwa tsakaninsa da aljihunsa ne, ko kuma wata rana ya ga hanya ta miƙe ya ce bari ya gwada. An ƙera ta ne domin hanyoyin da aka killace, ba mai tsallakawa da ƙafa, ba shanu, ba rami. Hanyarmu tana ratsa tsakiyar kasuwa, da ƙofar makaranta, da garken Fulani. Mai tallar rake a bakin titi shi ma yana cikin waɗanda ba a shawarta ba ranar ciniki, abin da zai iya biya kuwa doka ta biyar ce ta yi magana a kansa. Tsofaffin tayoyi da aka ƙi sauyawa saboda tsada, a ƙarƙashin injin da bai tsufa da ƙarfinsa ba, su ne haɗin da ya fi ba ni tsoro a cikin wannan al'amari duka.

A watan Yuli na 2024 kamfanin Bentley ya daina ƙera injin nan mai silinda 12. Motocin da ke ɗauke da shi za su ci gaba da sauya hannu, kowane hannu yana karɓarta da tsufa fiye da na bayansa. Wanda ya saya bana, bayan shekara biyu ko uku shi ne zai tsaya a inda mai sayarwa ya tsaya, da makulli a hannu, wani saurayi yana zagaya motar idonsa yana ƙyalli. A ranar ba abin da zai ɓoyu gare shi: ya san ƙarar da take yi da asuba, ya san gefen da take durƙusawa, ya san abin da makanike ya ce a yi bara aka ɗaga. Zai kuma kasance yana bukatar kuɗin ƙwarai, gama yawanci bukata ce take sa a sayar. Shi ya sa nake ba wanda ya ƙudura sai ya saya shawara ya buɗe fayil tun ranar farko, ya riƙa sa kowane rasit a ciki, da abin da aka gyara da abin da aka ce a gyara ba a gyara ba, da kwanan wata da adadin da mita ta nuna. Ya bar fayil ɗin inda matarsa za ta iya buɗewa. Ranar sayarwa kuma ya miƙa shi ga saurayin kafin a fara maganar kuɗi, ya ba shi kujera ya zauna ya karanta.